Mai Warkarwa: Daga Shafin Littafi Zuwa Wasan Intanet

 

 

Na san a cikinmu akwai wanda ya ga taken wannan lacca ya ce a ransa, "Yanzu don Allah a kan wasan yara za a tara dattawa?" Ina roƙon ya ba ni aron kunnuwansa. Littattafan da a da sai an zauna an karanta, yau kamfanoni ke sayen izininsu suna mayar da su duniyoyin da dubban mutane ke shiga ta intanet a lokaci guda, kowa da jarumin da yake juyawa. Matasa da dama ta wannan ƙofa suke fara sanin labari tun kafin su riƙe littafinsa. Don haka mai nazarin adabi yana da damar ya tambaya: idan littafi ya koma wasa, me ke tsira, me ke salwanta? Shawarata ita ce a dubi mai warkarwa. A kansa ne littafi da wasa suka fi samun saɓani, kuma yadda masu ƙera wasa suka sasanta saɓanin shi ke nuna ko sun fahimci littafin, ko kuwa sunansa kawai suka saya.

Rabon aiki a fagen fama

Bari in fara da bayanin wasan saboda waɗanda ba su taɓa gani ba. Kowane jarumi yana da wani layi a allon kwamfuta da ke nuna yawan lafiyarsa da lamba. In aka sare shi layin ya ragu, in ya ƙare jarumi ya faɗi. Manyan dodannin wasan an tsara su ne yadda mutum ɗaya ba zai iya da su ba, tilas a haɗa ayari a raba aiki gida uku. Akwai wanda 'yan wasa ke kira tanki, mai sulke da garkuwa, aikinsa ya tsokani dodo ya jawo fushinsa a kansa don kada ya juya kan sauran. Akwai masu sara da harbi, su ke cin lafiyar dodo. Sai mai warkarwa, yana tsaye a baya yana cike layin duk wanda aka taɓa.

Aikin nan na lissafi ne. Mai warkarwa yana da nasa ma'aunin ƙarfi da kowace warkarwa ke ragewa. Akwai warkarwa mai sauri amma mai tsada, akwai mai arha amma mai jinkiri, akwai wadda ke ɗiga kaɗan-kaɗan na tsawon daƙiƙoƙi. In ya yi almubazzaranci ƙarfinsa ya ƙare dodo bai faɗi ba. In ya yi rowa tanki ya faɗi, ayari ya tarwatse. Ga shi kuma warkarwar kanta tana jawo hankalin dodo, don haka in ya wuce gona da iri shi za a fara murƙushewa.

Wannan tsari ba daga littafin labari ya fito ba. Tushensa wasan tebur ne mai suna Dungeons & Dragons da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Jarumai iri uku ne a bugun farko: mayaƙi, matsafi, da wani mai ibada da ke riƙe kulki yana kuma warkar da rauni. A 1978 Roy Trubshaw ya fara rubuta wasan MUD a Jami'ar Essex ta Ingila, Richard Bartle ya ci gaba da shi, wasa na rubutu zalla da mutane da yawa ke shiga tare. A farkon shekarun 1990 ɗalibai a Kofanhagen suka fitar da DikuMUD, wanda ya ɗauko tsarin faɗan wasan teburin. Daga nan EverQuest ta 1999 ta gaje shi. A can ne ake jera masu warkarwa suna karɓa-karɓa, kowa ya saki babbar warkarwarsa mai ɗaukar daƙiƙa 10 a kan tanki ɗaya, na gaba ya biyo. World of Warcraft ta 2004 ta kai tsarin ga miliyoyin mutane: ayarin mutum biyar, tanki ɗaya, mai warkarwa ɗaya, masu sara uku.

Ke nan lokacin da kamfanoni suka juya ga littattafai, sun tarar tsarin ya riga ya kafu. 'Yan wasa sun saba da shi, suna jiran a ba su mai warkarwa ko littafin yana da irinsa ko ba shi da shi.

Abin da Tolkien ya rubuta

Mu ɗauki The Lord of the Rings na J. R. R. Tolkien, malamin Jami'ar Oxford, wanda ya fito a 1954 da 1955. A wannan littafi rauni ba abin wasa ba ne. An soki Frodo, jarumin labarin, da wuƙar tsafi a kan tudun Weathertop, tsinin wuƙar ya karye a kafaɗarsa, ya yi kwana 17 yana ɗauke da shi. Abokin tafiyarsa Aragorn ya samo ganyen athelas ya jiƙa a ruwan zafi ya wanke raunin, amma iyakarsa rage zafi. Sai da aka kai Frodo Rivendell, Elrond, gwanin masu magani na wancan zamani, ya shafe kwanaki yana fama kafin ya zaro ɓarɓashin. Duk da haka ciwon bai rabu da shi ba. Ranar da aka soke shi tana zagayowa ciwon ya taso, har a ƙarshe ya bar ƙasar da ya ceta ya hau jirgin ruwa ya yi yamma neman sauƙi. Abokin tafiyarsu Boromir ya mutu ba wanda ya tashe shi. Sarki Théoden ya mutu a filin daga.

Bayan babban yaƙin Minas Tirith, Aragorn ya shiga gidan jinya ya tarar da Faramir da Éowyn da Merry suna bakin mutuwa. 'Yan ganyen athelas shida kacal aka samo masa, su ma sun yi mako biyu da tsinkewa. Ya kwana yana aiki har ya gaji tilis. Kuma ta wannan aiki ne mutanen birnin suka gane shi ne sarkin da ake jira, bayan wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya mai suna Ioreth ta tuno tsohon zance da ke haɗa sarauta da warkarwa.

Wanda ya san tarihin marubucin ba zai yi mamaki ba. Tolkien ya yi yaƙin Somme a 1916, zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa a ramukan soja ya kwantar da shi aka mayar da shi Ingila, abokansa na ƙut-da-ƙut biyu kuma ba su dawo ba. Mutumin da ya ga haka ba zai rubuta raunin da ke gogewa cikin ƙiftawar ido ba. Warkarwa a wurinsa abu ce mai wuyar samu, mai ɗaukar lokaci, mai gajiyar da mai yinta, wani lokacin ma ba ta cika.

Wasan intanet kuwa akasin haka yake buƙata. Mutum ya dawo daga aiki, yana da awa biyu, ba zai yarda jaruminsa ya kwanta jinya ta mako uku ba. Ana so a sare shi sau ɗari a dare ɗaya, a warkar da shi sau ɗari.

Dabarar kamfanin Turbine

Wannan ce matsalar da kamfanin Turbine na Amurka ya fuskanta da zai fitar da The Lord of the Rings Online a Afrilun 2007, wasan da Standing Stone Games ke riƙe da shi tun ƙarshen 2016. Littafin ya ce matsafan nan irin su Gandalf biyar ne kacal a duniyar, kuma babu wasu masu ibada da ke bin mayaƙa suna ɗinke rauni da addu'a. In aka cika fili da dubban masu tayar da matattu, an rusa duniyar Tolkien.

Sai suka sauya abin da ake warkarwa. Layin da ke kan allo suka ce ba na lafiyar jiki ba ne, na ƙwarin gwiwa ne. In ya ƙare jarumi bai mutu ba, zuciyarsa ce ta karaya ya ja da baya, sai ya sake shiri a wani amintaccen wuri. Da wannan gyara ɗaya sauran al'amura suka daidaita. Tunda abin da ke ƙarewa ƙwarin gwiwa ne, wanda zai maido shi ba sai likita ba. Babban mai warkarwa a wasan shi ne Minstrel, wato mawaƙi, mai riƙe molo ko garaya ko sarewa, yana rera waƙoƙin mazan jiya yana zuga abokansa a ayarin mutum shida, ko rundunar mutum 12. Na biye da shi shi ne Captain, jagoran yaƙi, mai ɗaga tuta da tsawa da kalaman ƙarfafawa. Bahaushe ba sai an yi masa dogon bayani ba. Duk wanda ya san abin da kalangun Ɗan Anace ya riƙa yi wa Shago a filin dambe ya san kiɗa da kirari na tayar da wanda gwiwarsa ta yi sanyi.

Abin yabo a nan shi ne dabarar daga cikin littafin aka tono ta. Babban makamin mahaya baƙaƙen dawakan nan, Nazgûl, tsoro ne. Da waƙa Tom Bombadil ya kuɓutar da su Frodo daga aljanin kabari. Da magana Gandalf ya tayar da Théoden daga kujerar da ya tsufa a kanta. Waƙar da Sam ya rera a hasumiyar Cirith Ungol lokacin da ya fid da rai ita ta kai shi inda aka kulle maigidansa Frodo. Masu wasan sun ƙara da wani ma'auni na fargaba da fata: in ka kusanci mugun abu, allon ya dushe, iyakar ƙwarin gwiwarka ta ragu, warkarwa ma ta rage tasiri, sai ka nemi abin da zai ƙara maka fata. Wannan karatun littafi ne na gaske, an mayar da jigon labari ya zama dokar wasa. Har 'yan wasan da kansu suka ɗauki kiɗan da muhimmanci, tun 2009 suke taruwa a kan tudun Weathertop na cikin wasan suna bikin kaɗe-kaɗe da suka raɗa wa Weatherstock.

Amma kada in cika su da yabo. A ƙarƙashin sabon sunan lissafin na nan yadda yake, lamba ta sauka, lamba ta hau. Ƙaton dodo ya maka wa mutum gungumen itace, a ce ƙwarin gwiwarsa ne ya ragu, a kaɗa masa molo ya miƙe. Hankali na ɗan tirjewa a nan. Sannan a Nuwamban 2008, tare da ƙarin Mines of Moria, suka shigo da Rune-keeper, mai duwatsun rubutu da ke jifa da wuta da walƙiya, ko ya karkata ga warkarwa. Tsarinsa na da kyau ta fuskar wasa, domin gwargwadon yadda ya zurfafa a faɗa, gwargwadon yadda manyan dabarun warkarwa ke rufe masa. Sai dai masoya littafin da yawa sun yi ƙorafin cewa matsafi ne aka shigo da shi ta bayan gida, kuma ina ganin suna da hujja. Babbar asarar kuwa ita ce raunin Frodo. A wasan wanda aka karya yakan ɗan ɗauki fargaba ta ɗan lokaci, kayan yaƙinsa su lalace kaɗan, shi ke nan. Tabon da ba ya gogewa, wanda shi ne zuciyar ƙarshen littafin, ba shi da mazauni.

Inda aka bi wata hanya

Mu leƙa ƙasar Sin, inda mayar da littattafan jarumta wasa ya zama babbar sana'a. Jin Yong, marubucin Hong Kong da ya rasu a 2018, ya fara buga Tian Long Ba Bu a jarida a 1963. A 2007 sashen wasanni na kamfanin Sohu, wanda daga baya ya zama Changyou, ya mayar da shi wasan intanet da ya karɓu ƙwarai. A littattafan Jin Yong ma magani ba ya zuwa a banza. Likita Xue Muhua na wannan littafi yakan nemi mayaƙi ya koya masa dabarar faɗa a matsayin lada. Jarumin littafin Qiao Feng ya daɗe yana zuba wa A Zi ƙarfin cikinsa yana nemo mata saiwar jinsen don kada ta cika. A wani littafin, The Legend of the Condor Heroes, dattijo Yideng ya warkar da Huang Rong alhali ya san aikin zai raba shi da ƙarfinsa na shekara biyar, ga maƙiya na jiransa.

Me wasan ya yi? Ya ɗauki makarantar Emei ya ba ta aikin warkarwa. Emei ba ta cikin ƙungiyoyin da labarin Tian Long Ba Bu ya ginu a kansu. A jerin tarihin da Jin Yong ya tsara ma, Guo Xiang ce ta kafa ta bayan zamanin wannan labari da nisa. Inda ta yi fice, a The Heaven Sword and Dragon Saber, shugabarta Miejue mace ce mai takobi da taurin zuciya, ba ta da sassauci ga abokin gaba. Wasan yana buƙatar mai warkarwa, ya waiga ya ga makarantar mata, ya miƙa mata aikin. Ku lura da wannan, domin abu ne da ke maimaituwa a wasanni da yawa: a ɗauka tausayi aikin mata ne ko da littafi ya faɗi akasin haka.

Misali na uku shi ne Age of Conan da kamfanin Funcom na Norwe ya fitar a 2008, daga labaran Robert E. Howard da suka fara fitowa a mujallar Weird Tales a 1932. A labaran Howard, masu bautar macijin Set miyagun matsafa ne abokan gaban Conan. A wasan, ɗaya daga cikin masu warkarwa uku bawan Set ne. Sun dai yi ƙoƙari ta wani gefen, sun sa warkarwa tana ɗiga a hankali, mai yinta kuma tilas ya shiga faɗa, saboda duniyar Conan ba ta san mai tsayawa a baya ba. Ke nan sun riƙe zafin labarin, sun saki rabe-rabensa na nagari da mugu.

Ko za a iya kawar da mai warkarwa gaba ɗaya a huta? An gwada. Guild Wars 2, wadda ba daga littafi ta fito ba, ta fito a 2012 da shelar cewa kowa zai warkar da kansa. A 2015 da ta shigo da manyan yaƙe-yaƙen rukuni, sai ga ta da Druid, mai warkarwa sak. Matuƙar ana so mutane su dogara da juna, wani sai ya ɗauki wannan nauyi.

Mutumin da ke riƙe da aikin

Wannan ya kawo mu ga ɗan Adam ɗin da ke zaune gaban kwamfuta. Kowa a ayari dodo yake kallo, shi kaɗai ke kallon abokansa. Idonsa na kan layuka biyar ko 11, yana auna wa zai iya jira, wa ba zai iya ba. Wani lokaci tilas ya bar ɗaya ya faɗi don ya ceci tanki. In an yi nasara masu sara ne ke nuna yawan ɓarnar da suka yi. In an sha kashi tambayar farko ita ce, "Ina mai warkarwa yake?" ko da wanda ya faɗi shi ya tsaya cikin wuta da ƙafarsa. Shi ya sa masu son aikin ba su da yawa, har World of Warcraft ta fara ba da tukuici a 2011 ga wanda ya yarda ya cike gurbin da ake ƙarancinsa, wanda galibi na tanki ne ko na mai warkarwa.

A nan nake ganin wani abu na littafin ya tsira ta hanyar da masu ƙera wasan ba lallai su yi niyya ba. Éowyn, wadda ta kashe shugaban Nazgûl, bayan ta warke daga ciwon jiki da na zuciya sai ta zaɓi ajiye takobi ta zama mai warkarwa, kuma Tolkien ya nuna wannan a matsayin samun lafiyarta ta gaskiya. Tsadar da littafi ya ɗora wa Aragorn da Yideng, wasan ya sauke ta daga kan jarumin allo, amma ta koma kan ɗan wasan: shi ke gajiya, shi ke zaɓi mai ɗaci, shi ke shan zargi, kuma gobe ya dawo.

Kammalawa

Hukuncina shi ne, a cikin misalan nan uku Turbine ta fi kusa da amana, domin ta koma cikin littafin ta tambayi abin da ke karya mutane a duniyar Tolkien, ta gina mai warkarwarta a kan amsar. Sauran biyun sun fara da gurbin da wasa ke buƙata, sannan suka nemi sunan da za su liƙa masa.

Ina da dalilin kawo wannan batu gabanku. Cikin ɗaliban da ke zaune a nan akwai masu koyon rubuta manhaja da zanen kwamfuta, kuma ba za a daɗe ba wani zai so ya mayar da littattafanmu wasa. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da ya fito a 1934, dukkansa tafiya ce ta neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki. In aka mayar da shi wasa aka jera ruwan a kwalabe ana sayarwa a kowane kanti na cikin wasan, an kashe labarin ko da an zana Alhaji Imam da Malam Zurƙe yadda suke. Don haka kira nake yi ga matasanmu masu wannan fasaha: ku karanta littafin tun daga farko har ƙarshe kafin ku taɓa kwamfuta, ku zauna da malaman adabi, ku gano abin da magani ke ci wa mai nemansa a labarin, ku sa ɗan wasa ya biya wani abu makamancinsa. Malaman adabi kuma ku buɗe musu ƙofa idan sun zo.